Yadda Wasan Kawu Mele Ya Zama Tarihi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Gwiwa ya san Kawu Mele, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tsage a fuska da ke zama a gindin darbejiyar bakin shiga, ga famfo, ga sifana, ga kwanon ruwan neman huji, yana facin keke da babur. Ƙanen mahaifiyata ne. Ni malamar firamare ce, kuma an sha ce mini bakinsa na ɗauko, sai dai shi nasa dariya yake sa mutane, nawa kuwa faɗa yake jawowa. To yau ma faɗan zan yi, don abin da ya sami wannan bawan Allah har yanzu yana ci mini rai.

Asalinmu Barebari ne. Kakan Kawu, Kyari, ya taso daga gabas da jakunan kanwa, damina ta tare shi a wani ƙauyen Fulani da ake kira Kwarin Jauro, bai ƙara gaba ba. Jauro, wanda ya sari wurin, shi ya ba shi masauki, daga baya ya yanka masa gona. Babu wanda bai san wannan ba a ƙauyen, har yaran da ba su iya wanke hancinsu ba.

A nan aka haifi Kawu. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, boko kuwa ko ƙofar aji bai leƙa ba. Noma bai karɓe shi ba, shi da kansa yake cewa gero na ganinsa sai ya kwanta. Sai ya tafi Kazaure ya koyi gyaran keke, ya dawo ya kafa kayansa a kasuwar Gwiwa tun ana yayin keke. Da babura suka cika gari ya yi ta zaginsu, daga baya ya haƙura ya koyi facinsu. Da wannan sana'ar ya yi aure, ya aurar, ya binne matarsa, ya rufa wa kansa asiri. Bai tara komai ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba.

Dukiyarsa guda ɗaya ce, Baffa Halliru, jikan Jauro. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi farautar ɓeraye a gona, tare suka yi furfura. Kun dai san tsakanin Babarbare da Bafulatani: wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. To su biyun nan sun mayar da shi abincinsu. Ranar kasuwa, ɗan Baffa, Abdulnasir, zai sauke shi a babur a gindin darbejiya, tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa za ka ji muryarsa.

"Kai Babarbare, taso ka karɓi sandar ubangidanka!"

Kawu ko ɗaga kai ba zai yi ba. "Wa ya kwance mini wannan? Jiya fa da hannuna na ɗaure shi a turke."

Haka za su wuni. Masu jiran faci su zauna, waɗanda tayarsu lafiya lau ma su zauna. Gwanintar Kawu kuwa ita ce ba ya dariya. Zai shirga ƙaryar da za ta kayar da mutum daga kan benci, fuskarsa a ɗaure kamar alƙali, har da gyaran murya da "Allah shi ne masani". Idan la'asar ta yi su ci ƙosai a takarda ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Fuskar nan da ba ta dariya ita ta jawo masa.

An yi suna a gidan Baffa Halliru. Cikin baƙi akwai wani mutumin Kazaure, Musaddiƙ, abokin uban jariri, wanda yake da shafi a intanet inda yake sa hirar dattijai kan tarihin garuruwa. Ina wurin, ina leƙe daga zaure. Ya durƙusa gaban Kawu da wayarsa, ya ce, "Baba, a ba mu tarihin kafuwar garin nan." Baffa Halliru na zaune a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Jama'a, a ce wa Babarbare ya ba da tarihin garin Fulani, ga Bafulatani a zaune, ga taro? Me ake tsammani?

Kawu ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce garin nan kakansa Kyari ne ya sare shi. Wai a hanyarsa ta zuwa ya tarar da wani siririn Bafulatani a kasuwar bayi, an wuni ba wanda ya taya, sai ya tausaya masa ya saye shi da kanwa jaki guda, shi ne Jauro. Wai da mai kaya ya ga an raba shi da wahala, don murna sai ya ba da ƙanen Jauro gyara.

Wurin ya kece da dariya. Baffa Halliru ya ɗaga sanda ya ce ƙarya yake yi, shanu ne suka tsinci Kyari a bayan gari yana kuka ya ɓata, aka karɓe shi a bakin ƙwaryar tsala, kuma har yau Fulani na ganin an cuce su a cinikin. Aka sake fashewa. Aka ci tuwo, aka watse.

Musaddiƙ ba mugu ba ne, wannan zan faɗa don Allah. Sakarci ne da son a kalla. Ya ga hirar ta yi tsawo, sai ya datse ta daidai inda Kawu ya rufe baki. Babu dariyar jama'a, babu ramuwar Baffa, ko kafaɗarsa ba ta fito ba. Dattijo ne kawai mai furfura da fuska a ɗaure, yana magana a natse. Ya rubuta a sama: "Dattijo ya bayyana ainihin tarihin Kwarin Jauro." Don rashin kula ma sai ya ce ƙauyen a ƙasar Roni yake, alhali a ƙasar Gwiwa yake. Mu da muka san zancen muka kalla muka yi dariya, muka manta.

Ashe abin bai manta da mu ba.

Shekaru suka shuɗe. Jikar Baffa Halliru, Rukayya, wadda na koyar tun tana aji ɗaya, ta kai shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta, tana karanta tarihi. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai ta zaɓi kafuwar ƙauyensu, don ta faranta wa kakanta. Ta zauna da tsofaffi, ta ji daga bakinsu, ta rubuta. Ranar da ta tashi gabatar da somin aikinta a gaban 'yan ajinsu, wani ɗalibi ya ɗaga hannu, wayarsa a ɗaya hannun. Ya ce me ya sa ta ɓoye cewa kakan kakanta bawa ne da aka saya da kanwa, alhali ga shi a rubuce a wurare huɗu, har da mujallar masana?

Ta ce mini ba ta san yadda ta fito daga ajin ba.

Amma yarinyar nan ba ta tsaya kuka ba, kuma a nan ta burge ni. Ta zo gidana ranar Asabar da hantsi, ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma, ta ce, "Malama, zo ki ga." Ta bi rubuce-rubucen nan ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowanne: wa ya rubuta ka, yaushe, kuma a ina ya samo? Maƙalar mujallar, wadda ta fi kowacce kwarjini da Turanci mai nauyi, ta dogara ne da kundin wani ɗalibi da aka ɗora a shafin da ake jibge kundaye. Kundin ya kwafo daga wani shafin labarai marar sunan marubuci. Shafin labaran kuwa fassara ce kalma da kalma ta bidiyon Musaddiƙ. Dukkansu sun ce ƙauyen a Roni yake, wato babu ko ɗaya da ya taɓa taka ƙafarsa. Mujallar ma da ta bincika, ba ta da adireshi, ba a san masu tace ta ba, duk abin da aka aika mata bugawa take yi. Hatta gyaran nan da ya kashe mu da dariya yana ciki, an sa masa riga da wando: wai "an mallaki Jauro tare da ƙanensa."

Na ce, "Innalillahi! Wato shaidu huɗun nan duk Kawu ne?"

Ta ce, "Duk shi ne, Malama. Mutum ɗaya ne, shi ma wasa yake yi."

Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗannan masu kwafe-kwafen ba Turawa ba ne da za a ce ba su san mu ba. 'Ya'yan ƙasar nan ne. A gidajensu akwai abokan wasa, sun ji kakanninsu na yi. Da ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya tambayi kansa, wane ne mai maganar nan, kuma wa yake faɗa wa, da sunan Mele kaɗai ya ishe shi ya gane. Amma ina! An ga abu a allon waya, an ga furfura, shi ke nan ya zama hujja.

Ranar kasuwa muka je muka sami Kawu. Yana riƙe da tiyub a cikin kwanon ruwa. Rukayya ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Ya ce, "To ai wasa ne, 'yar nan. Kowa ya sani."

"Baba, waɗannan ba su sani ba."

"Karanta mini in ji."

Ta riƙa karantawa tana mayar masa da Hausa. Da ta zo inda aka ce "kamar yadda fitaccen masanin tarihin baka, Malam Mele, ya tabbatar," sai hannunsa ya tsaya cak a cikin ruwan.

"Ni? Mai faci?"

Ya tsamo hannunsa daga ruwan. Ya tambaya ko Halliru ya ji. Rukayya ta sunkuyar da kai ta ce labari ya riga ya kai gida, kakanta dariya ya yi, amma babanta Abdulnasir da 'yan'uwansa sun ɗau zafi. Sai a lokacin Kawu ya waiga ya dubi bencin da ke gefensa. Kasuwa ta yi nisa, Baffa bai zo ba. Abdulnasir ya rantse ba zai ƙara sauke ubansa a gindin darbejiyar nan ba, shi kuma tsohon ƙafa ta riga ta gaza, ba zai iya zuwa da kansa ba.

Tun daga ranar Kawu ya sa wa ransa abu guda: sai ya janye maganarsa, ya wanke sunan gidan abokinsa. A tunaninsa abin mai sauƙi ne. Shi ya faɗa, shi zai ce bai faɗa da gaske ba.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka raka shi wurin malamin da ke duba aikin Rukayya, Dakta Sharfuddeen. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙage ba. Ya tashi ya ba Kawu kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya kama baki ya ce tabbas wannan wasan Barebari da Fulani ne, kuma Rukayya ta yi aikin da ɗalibai da yawa ba sa yi. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Sai ya ce, "Sai dai, Baba, abin da aka riga aka buga ba ni da ikon goge shi. Kuma mai jarrabawa daga wata jami'a zai zo, bai san ku ba. Idan ya bincika ya ga rubutu a kan garin, ita kuma ba ta ambata ba, zai ce ta ɓoye abin da bai yi mata daɗi ba, tunda gidansu ne. Dole ta kawo abin da aka rubuta, sannan ta kawo naka, ta nuna raunin nasu."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nasun nawa ne."

"Na sani, Baba."

"To in na ce ƙarya na yi, saura na wa ya rage?"

Dakta ya juya biro a hannunsa. Ya ce haka tsarin yake.

Haka kuwa aka yi. Rukayya ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta warware zaren tun daga mujalla har zuwa gidan suna. Amma da kundin ya je hannun mai jarrabawa, sai ya ce harshenta ya yi zafi, ɗaliba ba ta ƙaryata abin da masana suka buga da bakin mutum ɗaya, ta sassauta. Na ga shafin da idona bayan an gyara. An rubuta cewa akwai saɓanin ra'ayi kan asalin Jauro: wasu masana na ganin bawa ne da aka saya, yayin da wani dattijo a Gwiwa yake ganin ba haka ba ne. Kun ji fa! Wasan Kawu shi ne "masana", gaskiyar Kawu ita ce "wani dattijo". An raba mutum biyu, an ba ƙaryarsa kujera, an bar shi a tsaye.

Kawu bai haƙura ba. Ya nemi Musaddiƙ har gida a Kazaure. Shi kam ya ba da haƙuri, nan take ya sauke bidiyon daga shafinsa. Kawu ya ce to ya sa cikakken, wanda Halliru ya rama a ciki, kowa ya ji dariyar. Musaddiƙ ya ce wayar da ya ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa. Sai suka ɗauki sabo, Kawu ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan, ya rantse da Allah wasa ne. Na farkon dubban mutane suka kalla, wannan kuwa 'yan tsiraru ne. Cikinsu ma wani ya rubuta a ƙasa cewa an tsorata tsohon ne, dubi yadda muryarsa ke rawa. Wani ya ce ai sauke na farkon da aka yi shi ya nuna akwai abin da ake ɓoyewa. Sauran rubuce-rubucen nan uku kuma suna nan daram, babu wanda za ka je ka ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Ban karanta masa waɗannan ba. Wani ɗan acaɓa mai shegen surutu ne ya karanta masa yana jiran faci.

Daga nan Kawu ya canza. Yana zuwa kasuwa, yana aikinsa, amma bencin ya zama na masu jiran faci kawai. Idan mutum ya zaro waya a kusa da shi, ko kira zai amsa, sai ka ga Kawu ya haɗiye maganar da ya fara. Baffa Halliru ya yi ta aiko da saƙo ta bakin Rukayya: a ce wa bawansa ya yafe masa, ya zo ya yi masa tausa. Kawu sai ya ce, "Ki gaishe shi." Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce, "Kawu, mai abin ya ce ya yafe, kai me kake jira?" Ya ce da wane ido zai dubi 'ya'yan Halliru, alhali har bayan ya mutu jikokinsu za su riƙa cin karo da sunansa a kan zagin kakansu.

A ƙarshen damina Rukayya ta kira ni ta ce jikin kakanta ya yi tsanani, kuma sunan Kawu yake ta kira. Ban nemi shawarar Kawu ba. Na je kasuwa na tattara masa kayan aikinsa da hannuna, na tare babur, na ce ya hau.

Mun isa bayan la'asar. Abdulnasir ne a ƙofa. Ya dubi Kawu, ya kau da kai, ya matsa ya ba mu hanya. Ɗakin cike yake da 'ya'ya da jikoki, kowa ya jingina da bango, wasu da wayoyinsu a hannu suna sanar da 'yan'uwa na nesa halin da ake ciki. Baffa na kwance, ya rame har ba a magana. Da ya ji sallamar Kawu sai ya buɗe ido, wallahi na ga fuskarsa ta washe. Ya yunƙura, aka tallafe shi. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Ku ɓoye takalmana," in ji shi. "Babarbare ya shigo."

Wasu jikokin suka yi murmushi. Kowa ya juyo wurin Kawu. Baffa na kallonsa, bakinsa a ɗan buɗe, dariyar na nan a shirye tana jira.

Na ga leɓen Kawu ya motsa. Sai idonsa ya bi bango, hannu bayan hannu, waya bayan waya. Babu wanda ke ɗaukarsa, ni shaida ce. Ya durƙusa a bakin gadon, ya tattara rigarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya ba ka lafiya, Malam Halliru. Ku shaida, kakansa Jauro shi ya sari garin nan, ɗa ne ɗan asali, shi ya ba kakana masauki."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Mele, ni ne fa."

"Allah ya ba ka lafiya, ranka ya daɗe."

Baffa ya ɗan jira kaɗan, ko akwai saura. Da ya ga babu, sai ya yi wa Abdulnasir alama a kwantar da shi, ya juya fuskarsa bango. Muka zauna har aka kira magariba, bai ƙara juyowa ba. A cikin makon ya rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta na tarar da Kawu zaune shi kaɗai a bayan zaure, ƙasar kabarin na nan a hannunsa bai wanke ba. Na zauna kusa da shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai amsa a bakina ranar nan. Wallahi da amsa, mai kyau kuwa. Da ya yi dariya."

Ban tambaye shi mece ce ba, shi ma bai faɗa ba.